Karen Gadi da Mai Shi: Abin da Na Gani a Bitar Horar da Karnuka a Bauchi

Duk wanda ya saba bin layukan GRA ko Fadaman Mada ko Yelwa da daddare ya san cewa karnuka sun ƙaru a gidajen Bauchi, kuma ba irin namu na gida masu siririn jiki kaɗai ba. Yanzu akwai karen Jamus da aka fi sani da Alsatian, akwai Rottweiler, akwai Boerboel na Afirka ta Kudu, har da Caucasian mai tulin gashi, waɗanda ake sayowa da tsada daga Jos ko Abuja ko Legas saboda tsoron ɓarayi. Abin da bai ƙaru ba shi ne sanin yadda ake riƙe su. A yawancin gidajen da na sani ƙa'idar ɗaya ce: a kulle kare a keji ko a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a bayan gida tun yana kwikwiyo, kada ya ga kowa sai mai kai masa abinci, a sake shi bayan isha'i, a mayar da shi kafin asuba. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci, wasu kuma su bar shi da yunwa, wai don ya yi zafi.

Ya kan yi zafin kuwa, amma zafin tsoro ne. Karen da ya girma a duhu bai san bambancin ɓarawo da ɗan maƙwabci ba, domin a wurinsa duk wanda ba mai kwanon abinci ba abin firgita ne, kuma dabbar da ta firgita ba ta da hanyar gudu cizo take yi. Shi ya sa idan ka bi labaran cizon kare da ake ji a unguwanni, da wuya ka ji an ce ɓarawo aka ciza. Galibi almajirin da ya leƙo zaure ne, ko ɗan garuwa, ko yarinyar da aka aiko da saƙo, ko ma ɗan gidan da ya buɗe ƙofar baya ranar da aka manta ba a mayar da karen keji ba. Ra'ayina, wanda bitar da zan ba da labarinta ta ƙara ƙarfafa mini, shi ne cewa amfanin karen gadi ba ya cikin iya kai hari, tunda wannan halittarsa ce, yana cikin iya dakatawa a lokacin da mai shi ya ce ya dakata.

Bitar da na halarta wani likitan dabbobi ne ya shirya ta tare da wani matashi mai sana'ar horar da karnuka, ana yin ta da sassafe a ranakun Asabar a wani fili mai katanga, cikin hunturu. Ni ba ni da kare, na raka ɗan'uwana ne wanda kwikwiyonsa ya fara yaga wa baƙi riga. Irin wannan aji, inda masu karnuka ke haɗuwa kowa da dabbarsa a koya musu tare, ba sabon abu ba ne a duniya. A Jamus wani jami'i mai suna Konrad Most ya wallafa tsarin horar da karnukan 'yan sanda tun 1910, kuma tsarinsa ya dogara sosai a kan tilastawa da fizgar sarƙa. A 1982 wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Ian Dunbar, ya buɗe aji na musamman domin kwikwiyoyi a Kalifoniya ta Amurka, a lokacin da yawancin masu horarwa ba sa karɓar kare sai ya kai wata 6. Tsakanin waɗannan mutane biyu sana'ar ta sauya ƙwarai, daga bulala zuwa lada, amma mu a nan har yanzu da yawa daga cikinmu a zamanin na farkon muke.

Kafin a bar kowa ya shiga filin sai da likitan ya duba katin rigakafin kowane kare a bakin ƙofa, kuma ya mayar da mutum biyu da ba su da shi, duk da magiyar da suka yi. Ya yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun cutar. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 a jiki kafin ta bayyana, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, kuma da zarar alamunta sun fito, wato tsoron ruwa da ruɗewa da shanyewar jiki, kusan babu mai tashi. Abin takaicin shi ne rigakafinta ya daɗe da samuwa, tun da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa a 1885, kuma a kusa da mu, a Vom ta Jihar Filato, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda ke can tun 1924, tana gwajin cutar tana kuma haɗa allurar karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ana fara yi wa kwikwiyo a wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa kamar yadda likita ya tsara. Likitan ya kuma nanata wa kowa cewa wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa masa kamar yadda ake yi a wasu ƙauyuka.

Darasin farko shi ne zama. Mai horarwar ya karɓi igiyar wata karya 'yar wata 5 da ke ta tsalle tana neman tsinkewa, ya ciro ɗan yankan dafaffiyar hanta wanda bai wuce girman ƙwayar wake ba, ya riƙe shi a gaban hancinta, sannan ya ɗaga hannun a hankali zuwa saman kanta. Da hancin ya bi hannun sama, sai gindinta ya sauka ƙasa da kansa, ba tare da an danna ta ba. A daidai lokacin da ta taɓa ƙasa ya ce “yawwa”, ya sa mata hantar a baki. Ya maimaita sau da dama bai furta wata kalma ba sai wannan “yawwa” ɗin, kuma sai da ta fara zama da zarar hannun ya motsa sannan ya fara cewa “zauna” kafin ya ɗaga shi. Cikin 'yan mintuna karyar da aka shigo da ita ana ja tana ja ta koma tana zaune ta kafe shi da ido. Ya ce hanta ko busasshen kifi marar ƙaya ya fi, ban da kilishi da tsire, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, kuma yaji ba ya ƙara masa komai sai ciwon ciki.

Babu wani asiri a cikin wannan. Tun a shekarun 1930 wani masani ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya nuna da gwaje-gwaje cewa dabba tana maimaita abin da ya jawo mata lada, tana kuma barin abin da bai jawo mata komai ba. Sharaɗin shi ne lada ta zo nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin kare yana haɗa sakamako ne da abin da yake yi a wannan lokacin, ba da abin da ya yi ɗazu ba. A nan ne yawancin dukan da ake yi wa karnuka a gidajenmu yake tashi a banza. Mutum ya dawo daga kasuwa da yamma ya tarar kare ya kashe kaza tun hantsi, ya kira shi, karen ya zo, ya zane shi da dorina. Abin da karen ya koya shi ne cewa amsa kiran mai gida yana jawo duka, kaza kuwa ba ta shigo lissafinsa ba. Mutane sukan ce ai ya san laifinsa, dubi yadda ya sunkuyar da kai ya maƙe jela. Wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009, ta gano cewa karnuka suna yin wannan sunkuyawar ne idan an yi musu faɗa, ko sun aikata laifin ko ba su aikata ba. Fuskar mai gida suke karantawa.

Wani Alhaji ya zo da katon Rottweiler a bayan mota, ya zauna a kujera a inuwa, ya ce a ɗauki karen a gyara masa shi zai jira. Mai horarwar ya je ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, Alhaji, wa ke ba shi abinci a gida?” Alhaji ya ce mai gadi. “Wa ke sakinsa da dare, wa ke mayar da shi?” Ya ce mai gadi ne dai. Sai ya ce, “To, Alhaji, ka yi haƙuri, mai gadin ya kamata ya riƙe igiyar nan, kai ma ka tsaya kusa da shi. Idan ni na koya masa, ni zai ji wa magana, ni kuwa ba a gidanka nake kwana ba.” Alhajin bai ji daɗi ba, amma mako na gaba ya zo da mai gadin, wani dattijo mai haƙuri da karen ke kaɗa wa jela tun daga nesa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fi son bita a kan ɗaukar kare a kai shi wurin mai horarwa ya yi wata guda a dawo da shi. A bita, rabin aikin ko fiye a kan mutum ake yinsa: yadda zai riƙe igiya ta yi sako-sako, yadda zai daina maimaita umarni sau biyar da ihu, yadda zai lura da lokacin ba da lada. An kuma buƙaci kowane gida ya tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni, kada uba ya ce “zo”, uwa ta ce “taho”, yara su yi Turanci. Ba ruwan kare da harshen da aka zaɓa, Hausa ko Fulatanci ko Jaranci, muddin sautin bai sauya ba.

Bayan zama an koyar da kwanciya, da tsayawa a wuri guda, da tafiya a gefen mai shi ba tare da ja ba. Waɗannan ba su ɗauki hankalina sosai ba, domin hanyarsu ɗaya ce da ta farko, sai dai a bi a hankali, minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a rana a gida.

Abin da aka fi daɗewa a kansa, kuma ya cancanci haka, shi ne kira da sakin abu. An ɗaura wa kowane kare doguwar igiya, a bar shi ya yi nisa yana shinshine-shinshine, sai mai shi ya kira sunansa sau ɗaya ya ce “zo”, yana ja da baya cikin fara'a. Idan ya zo, a ba shi lada mafi daɗi da ke aljihu, sannan, ga inda hikimar take, a sake shi ya koma wasansa. Mai horarwar ya ce karen da duk lokacin da aka kira shi keji ake kai shi, ba da jimawa ba zai daina zuwa, don haka a cikin kira goma, tara su zama na lada da saki. Sakin abu kuwa da musaya ake koya shi: kare yana riƙe da tsumma a baki, a nuna masa hanta, ya saki tsumman, a ce “saki”, a ba shi, a kuma mayar masa da tsumman. Daga nan ake ƙara wahala kaɗan-kaɗan, a kira shi ga wani kare a kusa, a kira shi ga akuya tana wucewa, a kira shi yana cikin haushi a bakin ƙofa. Wanda ya tsallake matakan nan ya fara gwada kiran ranar da karen ya bi yaro, ya makara.

A cikin mahalarta akwai wani tsohon maharbi daga wajen Alkaleri, wanda ɗansa ya kawo don a yi wa karnukansa allura, ya tsaya kallo. Karnukan nasa na gida ne, ramammu, masu tabo a kunne, babu ko igiya a wuyansu, amma suna kwance a bayansa ba su kula kowa ba. Mai horarwar ya ce masa, “Baba, ko za ka nuna mana yadda kake kiransu?” Dattijon ya jefa wani abu can nesa ya yi musu alama, suka zabura a guje, da suka yi kusan rabin filin sai ya yi fito guda ɗaya gajere, duka ukun suka ci birki suka juyo. Ya ce tun suna kwikwiyoyi ba ya ba su abinci sai ya yi wannan fiton, kuma yana sa ƙanana su bi manya daji su ga yadda ake yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bai taɓa jin sunan Ivan Pavlov ba, masanin nan na Rasha da ya nuna fiye da shekara 100 da suka wuce yadda kare ke haɗa sauti da abinci, amma abin da yake yi ke nan. Ba ina cewa duk mafarauta haka suke ba, domin akwai masu azabtar da karnukansu, sai dai ilimin yana nan a cikinmu, mu mutanen gari ne muka sayi karnuka masu tsada muka bar shi a daji.

Malaman fiƙihu ma sun riga mu tsayar da wannan ma'auni. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbobin farauta da aka koyar suka kamo, kuma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta karen da ya kama domin mai shi da wanda ya ci daga abin da ya kama. Da malamai suka zo bayyana wane ne kare koyayye, sai suka ce shi ne wanda idan an tura shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya, da yawansu kuma suka ƙara da cewa ba ya cin abin da ya kamo. Idan aka duba, biyu daga cikin sharuɗɗan uku a kan kamewa suke. Karen da ke tafiya idan an cuna shi amma ba ya dawowa idan an kira shi bai cika sharaɗin ba, kuma irinsa ne ke cike da kejin gidajenmu da sunan gadi.

Na san akwai masu karanta wannan da ƙyama, suna ganin zancen kare bai dace da gidan Musulmi ba. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da aka sani shi ne hadisai sun yi gargaɗi a kan ajiye kare ba da dalili ba, sun kuma keɓe na farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama sun haɗa da na gadin gida idan akwai buƙata, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. Babu abin da aka koyar a bitar da ke buƙatar kare ya shiga ɗaki ko ya hau shimfiɗa. Hasali ma, ɗaya daga cikin darussan shi ne koya masa kada ya ɗare jikin mutum da ƙafafu ko ya lashe shi: idan ya yi tsalle a juya masa baya a yi shiru, idan ƙafafunsa huɗu suna ƙasa a ba shi lada. Wani malamin makaranta da ya zo da karensa ya ce wannan kaɗai ya ishe shi, domin ya gaji da sauya riga kafin ya tafi masallaci. Wanda kuma ya riga ya ajiye kare, haƙƙin ci da sha da inuwarsa ya hau kansa, kuma labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowane ɗan Islamiyya.

An yi 'yar gardama a kan duka. Wani matashi ya ce ya gani a YouTube cewa dole mutum ya nuna wa kare shi ne shugaban garke, ya kayar da shi ƙasa ya danne wuyansa. Likitan ya ba shi amsa mai kyau. Wannan tunani ya samo asali ne daga nazarin da Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji a Siwizalan, waɗanda ba dangin juna ba ne, don haka suke ta faɗa. David Mech, masanin da ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya rubuta a 1999 cewa garken kyarkeci a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, ba fagen ƙwace sarauta ba. Duka yana iya sa kare ya daina abu a gabanka, wannan gaskiya ne, amma yana da tsada. Mafi hatsari shi ne dukan kare saboda ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma kafin shi akwai wasu alamun da aka nuna mana ɗaya bayan ɗaya: lasar leɓe ba abinci a kusa, hamma ba barci ba, kau da kai, bayyanar farin ido, sandarewar jiki, tashin gashin baya. Idan ka hukunta gurnanin, tsoron da ya haifar da shi yana nan, gargaɗin kawai ka kawar, kuma daga irin wannan ake samun karen da ake cewa ya ciji yaro ba zato ba tsammani. Kaɗa jela ma ba kullum murna ba ce. Jelar da ta miƙe sama tana rawa da sauri a jikin da ya sandare, a ja da baya.

Game da kwikwiyoyi, bincike ya daɗe da tabbatar da cewa tsakanin mako 3 zuwa kimanin mako 14 da haihuwa ne ƙwaƙwalwarsu ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba, kuma abin da ba su saba da shi ba a wannan lokacin yakan zame musu abin firgita har girma. Wannan shi ne daidai lokacin da mu muke kulle su. Mai horarwar ya ba kowa aikin gida da ya dace da garinmu: kwikwiyo ya ji ƙarar acaɓa da Keke Napep da janareta daga nesa yana cin abinci, ya ga mace da hijabi da namiji da babbar riga da tsoho da sanda, ya ga awaki da kaji yana ɗaure da igiya, ya ji sallamar almajiri a ƙofa a ba shi lada idan ya natsu. Akwai taka-tsantsan a ciki, domin cutar gudawa da amai mai kashe kwikwiyoyi, wadda likitoci ke kira fabo, tana daɗewa a ƙasa, don haka kafin ya gama allurarsa ta farko ba a sauke shi a bola ko inda karnukan titi ke yawo. Wani ya tambaya ko karen da ya saba da mutane zai yi gadi. Amsar ita ce irin su Alsatian da Rottweiler an ƙirƙire su ne da ɗabi'ar tsare wurinsu, kuma tana fitowa da kanta idan sun balaga. Wanda ya san yadda baƙon rana yake shi ne ke gane cewa mai haurowa katanga da tsakar dare daban ne.

Bita ba ta warware komai da komai ba. Akwai karen da aka kawo wanda ya riga ya ciji mutane, aka ce ba za a haɗa shi da sauran ba, sai dai a bi shi gida a fara da koya masa sa takunkumi, ana shafa ɗan abinci a cikinsa har ya riƙa tura hancinsa da kansa. Akwai kuma abin da horo ba ya gyarawa, wato zaɓen da aka yi tun farko. Caucasian kare ne na duwatsu masu ƙanƙara, kuma kare ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. Wanda ya kulle irinsa a kejin kwano a watan Afrilu na Bauchi yana azabtar da shi ne, kuma karen da ke cikin wahala, ko na zafi ko na kaska ko na ciwon kunne, saurin fushi gare shi. Sannan sana'ar ba ta da shamaki, kowa na iya sayen sarƙa mai ƙayoyi ya kira kansa mai horarwa. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya nemi ya ga yadda yake aiki da wani kare, ya lura ko karen na zuwa wurinsa da sakin jiki ko yana rarrafe, ya kuma guji duk wanda ya ce zai mayar masa da kare mai kai hari cikin mako biyu.

A zaman ƙarshe an ce kowa ya zo da yaran gidansa, kuma a ganina wannan darasin ya kamata ya fita daga filin ya shiga makarantun firamare da na allo, tunda da yawa daga cikin yaran da ake ciza ba daga gidajen masu karnuka suke ba. An koya musu kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, kada su jefi wanda ke ɗaure. An koya musu cewa idan kare ya nufo su kada su ruga, domin gudu ke tayar masa da sha'awar bi, su tsaya cik su naɗe hannu a ƙirji su kau da ido, idan kuma ya kayar da su su dunƙule su rufe wuya da fuska da hannuwa. Aka jera su aka saki karyar nan da ta fara koyon zama, tana ja da doguwar igiya, ta shinshina ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ta wuce. Likitan ya ƙara musu da cewa duk wanda kare ya ciza ya faɗa wa manya nan take ko da shi ne ya tsokane shi, domin yaro kan ɓoye ɗan ƙaramin rauni don tsoron faɗa, kuma allurar ciwon haukan kare ba ta da amfani idan cutar ta riga ta bayyana.